Muryar mata ce, amma hannun maza ne a kan na'ura

Mawaƙan Hausa na zamani suna da wata al'ada wadda duk mai sauraro ya sani: kafin waƙa ta ƙare, ko kuma tun a buɗewarta, sai mawaƙi ya ambaci sunan situdiyon da aka yi aikin da sunan wanda ya buga kiɗa, wani lokaci har da na yaron da ya taya shi zama. Na daɗe ina kasa kunne ga waɗannan sunaye, domin aikina na haɗa shirye-shirye a gidan rediyo ya sa na saba da neman wanda ya yi aikin da ba a gani, kuma har yau sunayen da nake ji na maza ne. Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai shi ne, waƙoƙin nan cike suke da muryoyin mata. Fati Nijar da Maryam A. Baba da Maryam Fantimoti da Zuwaira Isma'il da Murja Baba sun rera waƙoƙin da ba sa ƙirguwa, kuma an yi zamanin da da wuya a fitar da fim a Kano ba a ji ɗaya daga cikinsu a ciki ba. Mace tana tsaye a gaban makirufo, namiji yana zaune a gaban kwamfuta, kuma na zaunen shi ke yanke hukuncin yadda muryar ta tsayen za ta fita duniya.

Amsar da aka fi ba ni idan na tayar da wannan magana ita ce wai mata ba su da sha'awar kayan sauti, wayoyi da maɓallai suna rikita su, iyakarsu a ba su baiti su rera. Wanda ya san cikin gidan Bahaushe ba zai karɓi wannan ba. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ba 'yar amshin kowa ba ce; ita ke da ƙungiyarta, ita ke tsara waƙarta, kuma matan da ke bayanta su ke riƙe da kayan kiɗan. Haka Uwaliya Mai Amada ta yi a Kano. Mai kiɗan ƙwarya ta san wace ƙwarya ce mai kauri wace ce mai zaƙi tun kafin ta saya, kuma idan kiɗan ruwa ne ta san yadda za ta kifa ta a masaki, ta rage iskar da ke ƙarƙashinta ko ta ƙara, har sautin ya zauna inda take so. Yarinya mai shantu tana buga gindinsa a cinya, tana buɗe bakinsa da tafin hannu tana rufewa, kuma da wannan buɗewa da rufewa take sauya muryarsa. Ko lugude, idan taɓarya uku suka haɗu a turmi ɗaya, lissafin lokaci ne wanda kuskure kaɗan a cikinsa yana iya fasa wa mutum yatsa. Duk wannan sanin sauti ne, kuma a hannun mata yake tun kaka da kakanni.

Gaskiya ne cewa a gargajiyance an raba kayan kiɗa: kalangu da kotso da taushi da kukuma da garaya na maza ne, ƙwarya da shantu na mata. To amma rabo ne, kowa yana da nasa. Abin da ya faru daga baya shi ne aka kawo na'ura ɗaya da ta haɗiye kayan ɓangarorin biyu, sannan aka ajiye ta a ɓangaren maza kaɗai. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, harkar fim ta bunƙasa a Kano, kuma kafin shekarun 1990 su ƙare fiyano ƙirar Yamaha ya zama uban kiɗan fim, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a rubuce-rubucensa. Saurayi ɗaya a ƙaramin shago yana iya fitar da sautin ganga da sarewa da goge daga akwati guda. Makaɗan gargajiya maza sun yi asarar kasuwa, amma wasu mazan ne suka gaje su. Mata kuwa asararsu ta fi zurfi, domin a gidajen biki da yawa DJ ya maye gurbin masu amada, kuma a situdiyo ba a bar wa mace komai ba sai maƙogwaronta. Daga baya kwamfuta ta zo da manhajoji irin su FL Studio da Cubase, kujerar ta ƙara ƙarfi, mai zama a kanta bai canza ba.

Bari in faɗi yadda aikin yake tafiya a yawancin situdiyon da na shiga a yankin Zoo Road, domin a nan ne ake gane nauyin kujerar. Mawaƙi yakan zo da karin waƙarsa, ya zauna da mai kiɗa su yini suna gini, a zaɓi gudun kiɗan, a zaɓi tsayin da muryarsa ta fi jin daɗi, wato abin da 'yan situdiyo ke kira ki, sannan ya shiga ya ɗora muryarsa. Sai bayan an gama wannan duka ake kiran 'yar amshi a waya. Na taɓa zama a gefe ina kallon wata baiwar Allah da aka kira ta haka. Ta zo da hijabinta da jakarta, aka miƙa mata takarda da aka rubuta baitocinta da biro, mawaƙin ya rera mata sau biyu, ta sa hedifon ta shiga ɗan ɗakin da aka liƙe da soso. Da ta kai tsakiyar baiti na biyu sai muryarta ta tsinke. Ta cire hedifon ta leƙo ta gilashi ta ce, "Oga, kiɗan nan ya yi mini sama." Mai kiɗan bai ɗago kansa daga kwamfuta ba ya ce, "Anti, ki daure ki ja shi haka, injin zai gyara." Ta koma ta ja shi haka. Aka biya ta kuɗin waƙa ɗaya, ta tari adaidaita sahu ta tafi wani situdiyon, kuma mai yiwuwa ba za ta ji yadda aikin ya ƙare ba sai ranar da ta tsince shi a wayar wani.

Matar nan ta faɗi gaskiya, kuma kunnenta ne ya gano abin da lissafi yake tabbatarwa. Muryar namiji baligi a magana tana karkarwa kamar sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa ɗaya, ta mace kuma kamar sau 165 zuwa 255. Idan an gina waƙa a kan inda namiji ya fi sakewa, macen da za ta maimaita karinsa tana da zaɓi biyu ne kawai: ko ta sauko ta rera daidai da shi, muryar ta dushe, ko ta hau ninkin tsayinsa, wanda sau da yawa yakan kai ta bakin iyakar maƙogwaronta. Maganin abin ba shi da wuya. Da an zauna da su biyun tun farko, da an nemi ki na tsakiya wanda kowa zai samu wurin numfashi, kuma sauya ki a kwamfuta kafin a ɗora murya aikin ɗan lokaci kaɗan ne. Amma da zarar mawaƙi ya riga ya ɗora tasa, sauyawa tana nufin ya sake aikinsa daga farko, kuma ba wanda zai yi haka saboda 'yar amshi. Na san za a ce siririyar murya mai tsayi ita masu sauraro ke so, kuma akwai gaskiya a ciki, domin kunnen Kano ya tashi da finafinan Indiya da muryar Lata Mangeshkar. Sai dai ni ina ganin wani ɓangare na abin da muke kira salo tilas ce da ta daɗe har aka manta asalinta.

Haka abin yake a sauran matakan aikin. Makirufo mai araha na situdiyo yakan ƙara wa sautukan sama kaifi, abin da ke ƙawata muryar namiji mai kauri, amma a bakin mace sai harafin "s" da "sh" su riƙa sukar kunne. Mai kiɗa da yawa yana da saitin da ya adana wanda yake ɗora wa duk muryar da ta shigo, kuma a kan muryar abokinsa ya gina saitin. Sai kuma injin da aka ce zai gyara, wato Auto-Tune, wanda kamfanin Antares ya fitar a 1997, ƙirƙirar Andy Hildebrand, injiniyan da ya fara da nazarin sautin ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur. Idan aka matse shi har ƙarshe, yana jan kowace gaɓa zuwa daidai nan take, ya share lanƙwasar murya da 'yar girgizar da ake bambanta mawaƙiya da 'yar'uwarta da su. Wannan ne ya sa sau da yawa mai sauraro ba ya iya cewa ga wadda ta yi amshi sai an faɗa masa. Ban ce ana yin haka da mugunta ba. Mutum yana gyara sauti ne da kunnen da yake da shi, kuma kunne iri ɗaya ne ya daɗe a kan kujerar.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A 2018 wata cibiyar bincike ta Annenberg a jami'ar Kudancin Kalifoniya, ƙarƙashin Dakta Stacy Smith, ta duba waƙoƙi 600 da suka yi fice a Amurka daga 2012 zuwa 2017, ta samu mata kusan kashi 22 cikin 100 na mawaƙa, kusan kashi 12 na marubuta waƙa, amma kashi 2 kacal na masu haɗa kiɗa a waƙoƙin da aka bincika ta wannan fuska. A Ingila, Delia Derbyshire ta gama karatun lissafi da kiɗa a Kambirij, ta nemi aiki a kamfanin Decca a 1959, aka ce mata ba sa ɗaukar mata a situdiyo. Ta koma BBC, inda a 1963 ta haɗa kiɗan buɗe shirin Doctor Who ta hanyar yanka tef tana liƙawa gaɓa bayan gaɓa, amma ba a rubuta sunanta a shirin ba sai a 2013, shekara 12 bayan rasuwarta. Wadda ta fi burge ni ita ce Susan Rogers, domin ta ƙofar gyara ta shiga: ta koya wa kanta ilimin lantarki, ta yi aikin gyaran na'urorin situdiyo, har shahararren mawaƙin Amurka Prince ya ɗauke ta a 1983 ta zama mai ɗaukar sautinsa na tsawon shekaru.

Amma namu dalilan suna da kamanninsu, kuma babba a cikinsu shi ne hanyar da ake koyon sana'ar. Mafi yawan masu kiɗan da na sani ba makaranta ta koya musu ba, zama ne. Yaron situdiyo yana farawa da shara da sayo man janareta da naɗe wayoyi, ya yini a tsaye a bayan ogansa yana kallon inda hannunsa ke zuwa, ya kwana a kan dardumar shagon, kuma darasinsa na gaskiya yana farawa ne tsakar dare, lokacin da oga ya tafi gida ya bar masa kwamfuta ya yi ta lalube. Da dare ake yawan aiki saboda hayaniyar titi ta lafa, zafi ya ragu, wani lokaci kuma a sannan ne ake kawo wuta. Babu uban da zai bar 'yarsa ta bi wannan hanya, kuma ni ban ga laifinsa ba. Situdiyo ɗaki ne da aka toshe kowace kafa da gangan don kada sauti ya shiga ko ya fita, kuma keɓancewar budurwa da namiji a irin wannan ɗaki abu ne da addini da al'ada suka yi magana a kansa ƙarara. Ga kuma sunan da harkar ta yi, wanda ya sa ko 'yar amshi da ke zuwa da rana tsaka tana fama da bakin unguwa, kuma da yawa daga cikinsu aure yana zuwa sai a daina jin ɗuriyarsu. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki wannan shinge, wanda tsarin koyo ya gina, a mai da shi hujjar cewa kan mace ba ya ɗaukar aikin.

Sauran ilimin kuma a majalisa ake rarraba shi. A bakin shago bayan la'asar ake sanin wane makirufo ne na gaske wane ne jabu, domin ƙirar Shure SM58, wanda aka fara yi tun 1966, yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kuma kwalin jabun yana iya fin na gasken kyau. A nan ake sanin wa ke kawo kaya masu aminci daga kasuwar Alaba ta Legas, da dalilin da ya sa makirufon situdiyo ba ya magana sai an kunna masa wutar nan ta bolt 48, da irin sitabilaizar da za ta tsare mikisa, wato na'urar haɗa sautuka, ranar da wuta ta zo da ƙarfi. Mace ba ta zama a majalisa. Idan ta shiga shagon kayan sauti a Sabon Gari, tambayar farko da mai shago zai yi mata ita ce, "Hajiya, maigida ne ya aiko ki?" Idan ta ce nata ne, sai ya miƙo mata wanda ya fi ƙyalli, ba wanda zai miƙa wa abokin sana'a ba.

Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne na'urar ta ƙanƙance har ta iya shiga ɗakin mace. Kwamfutar tafi-da-gidanka, da ɗan akwatin da ke haɗa makirufo da ita, da makirufo ɗaya, da hedifon mai kyau, sun isa a yi aikin da a da sai an kama shago. Audacity kyauta ce, BandLab tana aiki a waya, kuma kusurwar ɗaki da aka jingina katifa aka rataye atamfofi tana shanye amsa-kuwwa fiye da wasu shagunan da na gani an liƙa musu kwalin ƙwai. Ta wannan ƙofa wasu matan kudu suka shiga. Mawaƙiya Simi tana gyara sautin waƙoƙinta da kanta, kuma ita ta yi wannan aiki a kundin Adekunle Gold na farko a 2016. Mawaƙiya Tems ta sha faɗi cewa ta koyi haɗa kiɗa ne daga bidiyoyin YouTube bayan ta gaji da yadda ake son juya mata sauti. A Nijar ma, Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad ta koyi jita ne a kan ta ɗan'uwanta, a cikin al'ummar Buzaye inda kiɗan tande ne na mata, jita kuma ta maza, kuma daga baya ƙungiyarta ta zagaya Turai da Amurka.

Koyon cikin ɗaki yana da iyakarsa, domin bidiyo ba zai saurari aikinki ya ce miki kin cika gishiri ba. Ana buƙatar kunnen wanda ya riga ki, kuma wurin da na ga wannan yana samuwa ga mata cikin mutunci shi ne gidan rediyo. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, gidajen rediyo masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa, kuma a cikinsu akwai mata da yawa da ke yanka murya, suna share tari da tuntuɓen harshe, suna daidaita ƙarar kiɗa a ƙarƙashin magana kowace rana, da rana, a ofis mai mutane. Tsakanin wannan aiki da gyaran waƙa tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Akwai kuma littattafan Hausa, waɗanda mata ne suka fi rubuta su kuma suka fi karanta su, da yanzu ake karantawa a murya ana sakawa a intanet, sau da yawa da ƙarar fanka da kukan akuya a bayan mai karatu. Marubuciya za ta fi sakin jiki ta je gidan 'yar'uwarta mace ta ɗauki karatun littafinta, kuma za ta biya.

Kasuwar da ta fi kowace girma, wadda nake mamakin yadda har yanzu take a buɗe, ita ce tarukan mata zalla: kamu, sa lalle, wunin biki, suna, walimar sauka, wa'azin mata a Islamiyya. A duk waɗannan, baƙon namiji da ake haƙuri da shi shi ne mai sauti. Na halarci wani wuni da uwar biki ta sa DJ ya jera kayansa a tsakar gida, sannan ta roƙe shi ya koma zaure da yaransa domin ƙawayenta su samu su ajiye mayafi su taka. Ya saita komai ya fita. Da aka zo nasiha ga amarya, malamar da aka gayyato ta karɓi makirufo ta je ta tsaya daidai gaban sipika, nan take wurin ya ɗauki wata ƙara mai tsaga kunne, jarirai suka fashe da kuka, tsofaffi suka toshe kunnuwa. Uwar biki ta ƙwala wa wata yarinya kira, "Ke, maza kira mai kiɗan nan!" Mata suka shiga laluben mayafai, ya shigo kansa a ƙasa, ya ce, "Malama, ki ɗan matso baya," ya rage maɓalli ɗaya ya fita. Abin da ya faru bai wuce makirufo yana jin sipika, sipika tana mayar masa da abin da ya ji, suna ta zagaye ba, kuma duk yarinyar da aka nuna wa sau ɗaya za ta iya magance shi. Sau da dama aka sake kiransa kafin magariba, kuma kowane kira sai an tsayar da sha'ani an rufe jiki.

A irin waɗannan bukukuwa yanzu ana samun mace mai ɗaukar hoto, da mace mai gabatar da taro, ban da masu kwalliya da masu girki da masu ƙawata wuri, kuma iyalai da yawa sun fi son su saboda wannan dalili na sakewa. Mai sauti ce kawai ta rage. Na taɓa faɗa wa wani mai haya da kayan sauti cewa ya koya wa ƙannensa mata biyu aikin, ya riƙa tura su tare zuwa tarukan mata da rana, ya sa farashinsa yadda yake so domin ba shi da abokin gasa. Ya yi dariya ya ce, "To Hajiya, wa zai ɗauki sipika?" Na tambaye shi rabonsa da ɗaukar sipika da hannunsa, tunda duk unguwa ta san yaransa ne ke lodawa a mota su sauke, shi kuwa ya zo daga baya da filashi a aljihu. Yaran za su iya jera kayan kafin baƙi su iso, su dawo su kwashe bayan an watse, kamar yadda masu kawo kujeru da rumfa ke yi a kowane biki.